Saƙar Kujerun Barazil a Kwatano

A gadar Gaya na fara sanin na bar gida. Har Kamba komai irin namu ne, da tuwon da maganar da jakunan. Muna tsallake kogi muka shiga Malanbil, sai wani jandarma ya leƙo motar yana wani harshe da ban taɓa ji ba. Hajiya Dije ta miƙo hannu ta ce in ba ta takardata ta riƙe mini kada in yar. Na kwance bakin zane na ba ta. Ban ƙara ganin takardar nan ba.

Hajiya Dije 'yar kasuwa ce, mutuniyar Jega, tana safarar atamfa. A kasuwar Kalgo ta tsaya kan faya-fayaina, ta ɗauki ɗaya ta ɗaga shi ga rana, ta tambayi wa ya saƙa. A shekarar mijina ya rasu, damina kuma ta yi gardama, na koma ɗakin Inna a Dangoma babu komai a rumbu. Hajiya ta ce akwai wata mata a Kwatano da ke neman mai hannu irin nawa, saƙa ce kawai, wata uku in dawo da abin da zai kai mu kaka. Na bar yarinya 'yar shekara uku a wurin Inna na bi ta.

Daga Malanbil muka hau babbar mota, a kan buhunan albasa, yini guda har Farako. Can muka shiga jirgin ƙasa. Wata mata da ke kusa da ni ta ga ban ci komai ba, ta gutsuro mini dafaffiyar doya ta sa a cinyata. Tun daga nan itatuwa suka fara yawa, iska ta yi nauyi, zanena ya manne a jikina. Da muka sauka Kwatano sai na ji warin kifi da gishiri, Hajiya ta ce teku ne. Na yi kusan shekara biyu a garin, sau ɗaya na gan shi da idona.

Gidan bene ne tsoho, katangarsa doguwa an jera fasassun kwalabe a kai, ga ƙofar ƙarfe. Mai gidan dattijuwa ce baƙa siririya, ana ce mata Madam, makullin ƙofar yana rataye a ƙugunta. An ce kakanninta daga wata ƙasa Barazil suka dawo, can bayan teku. Mijinta ya mutu, ba ta taɓa haihuwa ba. Sana'arta sayen tsofaffin kujerun ƙasar ta Barazil, waɗanda Turawa da ofisoshi suka gaji da su, ta sa a gyara ta sayar wa wasu Turawan. Hajiya Dije ta sha ruwa, suka shiga ciki suka yi magana, ta fito ta ce za ta je Zango, unguwar Hausawa, ta dawo da la'asar. Har yau ba ta dawo ba.

A bayan gidan akwai wata babbar rumfar kwano, a nan kujerun suke, an ɗora wata kan wata har sama. Ni da na tashi da tabarma da kujerar tsuguno, ban taɓa ganin irinsu ba. Ƙafafunsu sirara kamar na barewa, katakon mai duhu da jijiyoyi a ciki, kalar busasshen dabino. Wasu mazauninsu na fata ne, ya bushe ya tsattsage. Wasu saƙa ce mai ƙananan idanu, ta ɓarke a tsakiya. Akwai wata ƙatuwa gajera, da igiyoyin fata a ƙarƙashinta, in mutum ya faɗa ciki sai an ba shi hannu zai tashi.

Mai aikin katakon wani tsoho ne Bayarabe, Baba Lasisi. Ya taɓa yin kafinta a Birnin Kabi yana saurayi, yana jin Hausa, sai dai tasa a karye take. Shi ne bakina shi ne kunnena a gidan nan. Ranar farko ya tambaye ni ko ni Bagobira ce, don in haka ne baiwarsa ce aka kawo masa. Na ce a'a, Bakaba ce. Ya ce to ya yi asara, amma zai riƙe ni a haka. Tun ranar bai kira ni da sunana Rabi ba, sai Bakaba.

A ranar ce kuma na yi kuskuren da ya ɗaure ni. Madam ta zauna tana dubana, ta sa Baba ya tambaye ni mijina, na ce ya rasu. Ta ce 'ya'ya fa? Na sunkuyar da kai. Yarinyar da na baro ita ce ta fari a wurina, ita kaɗai ce kuma. A wurinmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in an tambaye ta shi sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Haka Inna ta yi da yayana har ya yi gemu. Duk wanda ya ga mace ta yi shiru a wannan tambaya ya san amsar. Ban san akwai inda ba a san haka ba. Baba ya jira, na ƙi ɗagowa, sai ya juya ya faɗa wa Madam wani abu gajere. Ta dafa kafaɗata a hankali. Na ɗauka ta gane ne.

Saƙar ba irin tamu ba ce. Da ɓawon kwagiri ake yi, an fere shi siriri kamar kaba, gefe ɗaya na sheƙi. Sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi. Kewayen mazaunin kujera duk ƙananan huji ne, za ka zura ka ja ka danne da ɗan tsinke, ka tsallaka zuwa hujin da ke fuskantarsa. A tsaye sau biyu, a kwance sau biyu, sannan a karkace ta dama da ta hagu, har idanun su fito. Wanda ke yi wa Madam a da ya makance, shi ya sa kujeru suka taru. Ba wanda ya koya mini. Ta ba ni wata tsohuwa da ta ɓarke, na zauna kwana uku ina warware ta zare-zare ina duban wanne ya hau wanne.

Ta farko da na gama, na ga ta yi fari fat babu ado, sai na rina ɗan kwagiri da jan karan dafi da na zo da shi, na yi mata zane a tsakiya irin na faifan amarya. Na kai wa Madam ina jin daɗi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini wuƙa. Baba ya ce ta ce ya yi kyau, amma in yanke. Ba sabuwar kujera take so ba, so take ta koma yadda mai ita ya yi ta tun farko. Na yanke aikin kwana biyar da hannuna. Daga baya ma na ga sabuwar saƙar sai an shafa mata ruwan shayi mai kauri don ta yi kama da tsohuwa. Na tambayi Baba wane irin mutane ne ke ƙin sabo su biya tsada a kan tsoho. Ya ce, "Masu ƙoshi ne, Bakaba. Ke dai saƙa."

Wata uku suka cika. Na ɗaure ƙunshina na ajiye bakin ƙofa ina jiran Hajiya. A satin ne Baba ya shigo da rediyonsa ya ce sojojin ƙasarmu sun rufe iyaka, babu shiga babu fita, har kuɗin ma an canza. Madam ta ce kada in kuskura in leƙa waje, mace ba takarda ba harshe, jandarma za su kama ni su kulle, ba wanda zai san inda nake. Ban san ko gaskiya ne ko rabi ba. Na kwance ƙunshin.

Ba zan ce ta zalunce ni da duka ko yunwa ba. Ta ba ni ɗaki a ƙarƙashin matakala, ta ɗinka mini atamfa, in na yi zazzaɓi da kanta take dafa mini ganye. Amma ƙofar nan a kulle take, kuma kujeru ba sa ƙarewa. In na gama shida mota ta kwashe, kafin sati wata motar ta sauke takwas. Turawa su zo su zauna, su shafa hannun kujerar, su duba saƙar ta ƙasa, Madam ta nuna ni da yatsa, su gyaɗa mini kai. Yatsuna suka tsattsage saboda ruwa da kaifin kwagiri, ina ɗaure su da tsumma in ci gaba. Daga rumfar abin da nake gani shi ne katanga da kan wata bishiyar kwakwa. In iska ta juyo nakan ji kiran salla daga nesa, sama-sama, in ba ta juyo ba sai in duba inuwar katangar in yi sallata.

Azumi ya zo na yi shi ni kaɗai da garin rogo da manja. Ranar salla ƙarama Baba ya shigo da wani gwangwani a rufe, ya ajiye kusa da ni yana ɓata fuska, ya ce wani abu ne mai tsami da mutanenmu ke sha, shi bai ga abin so a ciki ba. Fura ce da nono, ya je har Zango ya sayo. Na juya wa rumfar baya na sha, don kada ya ga idona.

Abin da ke cina shi ne lissafin girman yarinyar. Ina saƙa ina cewa yanzu ta fara zuwa rijiya da ɗan tulu, yanzu an yi mata kitso na farko mai kyau, yanzu ta daina tambaya ina na tafi. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mini. Sau uku ina sa Baba ya gaya wa Madam ina son gida. Kullum amsar ɗaya ce: hanya a rufe, kuma me zan je in yi a can, wa nake da shi. Nakan ce akwai Inna. Ta ce Inna tana da wasu 'ya'yan. Sau ɗaya na daure na ce akwai wata yarinya a wurin Inna. Baba ya ɗauka ƙanwata ce, haka ya faɗa mata. Ban iya gyara masa ba.

Bayan damina ta biyu sai aka kawo kujeru goma sha biyu na teburin cin abinci, duk iri ɗaya, baya da mazauni duk saƙa, duk a ɓarke. Wani Bature ya riga ya kama su. A kwanakin kuma na ga magina suna aiki a gefen rumfa, ban tambaya ba. Wata safiya Madam ta kamo hannuna, Baba na biye da mu, ta buɗe ƙofar sabon ɗakin. An shafe shi da farar ƙasa, ga taga, ga gadon ƙarfe da katifa, ga sabuwar buta. A kusurwa ga ɗaya daga kujerun nan masu tsada, wadda na saƙa da hannuna. Fuskarta cike da murna take magana, Baba na juya mini. Ta ce ɗakina ne har mutuwa. Ita ba ta da kowa, ni ba ni da kowa, Allah ne ya haɗa mu. In ta mutu ni zan rufe mata ido.

Na ga in na yi shiru yau, to shi ke nan, a ɗakin nan zan tsufa. Na durƙusa a ƙasa, na ce, "Baba, ka ce mata ina da ɗiya."

Ya dube ni. "Ƙanwar taki?"

"Ba ƙanwata ba ce. Ni na haife ta."

Ya faɗa mata. Murnar ta bar fuskarta. Ta yi magana mai tsawo. Baba ya ƙi juya mini duka, ya ce dai ta ce ƙarya nake don in gudu. Wace uwa ce za ta yi kusan shekara biyu a gida ba ta ambaci ɗiyarta ko sau ɗaya ba? In da gaske ne in faɗi sunanta yanzu, ba tare da tunani ba.

Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na buɗe baki ya ƙi fita, kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Madam ta juya za ta fita. Sai na ji kaina na ce, "Saratu." Na ƙara cewa, "Saratu. Shekararta biyar yanzu. Tana da tabon ƙuna a hannun hagu, garwashi ta dafa tana rarrafe." Daga nan ban iya tsayawa ba, na yi ta faɗa da Hausa, yadda take kwana da yatsa a baki, yadda take tsoron zakara. Baba ma ya daina juyawa.

Da na yi shiru sai ya dafe kansa ya zauna bakin gadon. Ya ce a Birnin Kabi matar mai gidan da ya zauna ba ta taɓa kiran babban ɗanta ba, sai ta ce "kai wancan", shi kuma shekara da shekaru yana zaton ƙinsa take yi. Ya ce, "Bakaba, ashe ni na kulle ki. Ni na ce mata ba ki da ko ɗaya." Ya juya ya yi wa Madam bayani mai tsawo. Ta saurara, ta fita ta hau bene. Kwana biyu ba ta sauko rumfa ba.

Rana ta uku ta sauko, ba ta dube ni ba. Ta ce ta riga ta ba Bature alkawarin goma sha biyun nan, sai na gama su. Kuma ba za ta sake neman wata mace daga nesa ba, sai in koya wa Baba saƙar kafin in tafi. Na ce na yarda.

Wata biyu muka yi. Yatsun Baba kamar taɓarya, in ya ja kwagiri sai ya tsinke, in bai tsinke ba ya juya gefen sheƙin ƙasa. Yakan ce shekara arba'in yana sarrafa katako, yau ga ciyawa tana kunyata shi. In ya tsallake huji sai in sa ya warware, ya ce wallahi na fi Madam mugunta. Amma da sassafe yake zuwa, wani lokaci ko karyawa bai yi ba, don ya san kowace kujera da ya ɓata kwana uku ne a kaina. Ni na saƙa goma, muka yi ta sha ɗaya tare, ta sha biyu shi kaɗai ya yi ina zaune na naɗe hannu. Madam ta zo ta danna tafin hannunta a tsakiya, ta kifa kujerar ta duba ƙulle-ƙullen ƙasa. Ta ciro makulli daga ƙugunta ta miƙa wa Baba.

Ta ba ni haƙƙina a ƙunshe cikin hankici, da turmin atamfa, da wasu 'yan kunne ƙanana na azurfa ta ce na yarinyar ne. Ba ta rako ni ƙofa ba. Na ɗaga kai na gan ta a tagar bene, na ɗaga mata hannu, ta saki labule. Baba ya bi da ni ta bakin teku don kada in je gida in ce ban gani ba, sannan ya sa ni a jirgin Farako, ya damƙa ni ga wani mai sayar da goro da ke zuwa Gaya.

Iyaka tana nan a rufe. Kwana huɗu na yi a Gaya ina zaune a tasha ban san yadda zan yi ba. Wasu Fulani mata masu tallan nono suka ji maganata, babbarsu ta tambaye ni 'yar ina ce. Da na ce Dangoma sai ta ce ai suna da dangi a wajen Gwandu. Washegari da hantsi ta ɗora mini ƙwarya a ka, ta rufe ƙunshina da faifai a ciki, ta ce in shiga tsakiyarsu kada in yi magana. Muka bi hanyar shanu ta daji. Wani soja a gindin kalgo ya tsayar da mu, ya sha nono ludayi biyu, ya ce mu wuce. Haka na shiga Kamba.

Na isa Dangoma da la'asar. Inna na sussuka a tsakar gida, ta ɗago ta gan ni, ta ajiye taɓarya ta zauna a ƙasa. Ta ce an ce musu na mutu, an kuma ce na yi aure a Kurmi, ita dai ba ta karɓi gaisuwar kowa ba. Mata suka cika gidan. Ina amsa sannu da zuwa idona na yawo, ban tambaya ba, don gidan cike yake da mutane. Can na hange ta a bayan rumbu, ta yi tsawo, ta rame, tana riƙe da bakin zanen wata maƙwabciya. Inna ta ce, "Ke, taho ki gaida baƙuwa." Ta zo ta durƙusa nesa da ni ta ce sannu, ta dubi tsumman da ke yatsuna, ta koma da gudu.

Da mutane suka watse na zuba tuwo a ƙaramin akushi na ajiye kusa da ƙafata. Ta ƙi zuwa, sai da Inna ta ɗauka ta miƙa mata. Inna ta ce, "Ki bar ta, ba ta san ki ba. Kada ki matsa mata." Ban matsa ba. Kullum in zuba in ajiye kusa da ni, kullum Inna ta ɗauka ta ba ta. Ran kwana na tara Inna ta tafi gaisuwar mutuwa Kalgo, muka rage mu biyu a gidan. Na zuba na ajiye, na juya ina tsinkar zogale. Na daɗe ban waiwaya ba. Sai na ji motsin akushi, na ji ta zauna a gefen tabarmata tana ci.